Me ya sa kamfani mai arhar tikiti ke sayar da jiragen da ke tashi lafiya?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Na ji labarin cewa wani kamfanin jiragen sama mai arhar tikiti, wanda nake yawan hawa, zai yi wa tsofaffin jiragensa ritaya ya sa su a kasuwa. Abin ya ɗaure mini kai. In jiragen sun lalace ne, wa zai saye su, kuma don me ake ɗaukarmu a cikinsu har yau? In kuwa lafiyarsu lau, me zai sa kamfanin da ya yi suna wajen tsimi ya rabu da abin da ya gama biya, ya ciwo bashin sabo? Ko dai alamar durƙushewa ce? An ce araha ba ta ado, ni kam tsoro ya fara kama ni."

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko ritaya na nufin jirgin ya zama haɗari, me kamfani ke samu idan ya rabu da jirgin da ke aiki, da kuma ko sayarwar na nuna ƙafarsa ta fara rawa. Aikina gyaran jirage ne, daga baya na koma ɓangaren da ke karɓar jirgi daga hannun wani kamfani a miƙa wa wani, inda ake bin jikinsa da takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani a wannan aiki shi ne, galibin jiragen fasinja ba lalacewa ke fitar da su daga aiki ba, lissafi ne. Ranar da kuɗin riƙe jirgi ya zarce abin da yake kawowa, ko aka samu wani da zai fi shi kawowa, to rabuwa ta zo, ko da akwai sauran shekaru goma na aiki a jikinsa.

Yadda jirgi ke tsufa

A wurin gyara ƙidaya uku muke yi wa jirgi: shekarunsa tun daga ƙira, sa'o'in da ya yi a sama, da adadin tashi da sauka, wanda muke kira zagaye. Fasinja ta farkon kaɗai yake tambaya, alhali ta ukun ce ta fi cin gangar jirgi. Duk lokacin da jirgi ya hau can sama, ana matsa iska a cikinsa domin mutane su iya numfashi, sai gangar ta ɗan kumbura. Idan ya sauko ta saki. Ido ba ya gani, amma ƙarfe yana ji. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙe ta: ba za ta karye a karon farko ba, ko na goma, amma tana ƙirgawa. Haka fatar alminiyam ke yi a bakin ramukan ƙusoshi. Tsaga ƙanƙanuwa ta fara, ta yi ta rarrafe. Gajiyar ƙarfe ke nan.

Kamfani mai arha kuwa a gajerun hanyoyi yake cin abinci. Jirgin da ke ƙetare teku zai tashi sau ɗaya ko biyu a yini, shi kuwa nasa zai yi shida ko fiye, da minti 25 ko 30 kacal a ƙasa tsakanin sauka da sake tashi. Saboda haka jirginsa mai shekara 12 kan fi jirgin dogon zango mai shekara 20 yawan zagaye.

Duniyar jirage ta koyi wannan darasi da zafi a ranar 28 ga Afrilu, 1988. Wani Boeing 737-200 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawai, yana ƙafa 24,000 sai rufin gaba ya yage, tsawon kusan ƙafa 18. Ma'aikaciyar jirgi ɗaya ta rasu, matuƙan suka sauke sauran mutanen a tsibirin Maui. Shekarar jirgin 19, sa'o'insa a sama kusan 35,500 ne kawai, amma zagayensa ya kusa 90,000, saboda tsalle tsakanin tsibirai yake yi, cikin iska mai gishiri da laima. Masu bincike sun ɗora laifin a kan tsarin duba jirgin, wanda ya kasa gano tsagar da ta daɗe tana yaɗuwa. Bayan wannan majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tsofaffin jirage a 1991, sannan a 2010 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta wa masu ƙira su kafa wa kowane samfuri iyakar zagaye ko sa'o'i da ba za a wuce ba, sai an sake gwaje-gwaje an tsawaita ta. Mafi yawan jiragen fasinja ana ajiye su tun ba su kusanci wannan iyaka ba.

Kuma ba kowace tsaga ce ta tsufa ba. A ranar 1 ga Afrilu, 2011, rufin wani Boeing 737-300 na kamfanin Southwest na Amurka ya tsage bayan tashi daga Phoenix, aka sauka a Yuma ba a rasa rai ba. Shekararsa 15, zagayensa bai kai rabin na Aloha ba, kuma bincike ya gano tun a masana'anta aka yi kuskuren haɗa fatar wurin. Shekaru kaɗai ba su isa su faɗa maka lafiyar jirgi ba.

Inda kuɗin yake tafiya

Gyaran jirgi ba ya zuwa daidai-wa-daida kowace shekara. Akwai ƙananan dubawa na yau da kullum, akwai kuma manyan kuɗaɗe da ke jira a gaba, kowa ya san ranarsu. Babban garambawul na zuwa duk bayan shekara 6 zuwa 10, gwargwadon samfuri; a jiragen A320 na kamfanin Airbus ana yinsa a shekara ta 6, sannan wanda ya fi shi nauyi a ta 12. A nan ake fitar da kujeru da bandakuna da ɗakin girki, a ɗaga daɓe, a bi ƙarƙashi ana neman tsatsa da tsaga. Jirgin zai yi makonni a rumfa ba ya kawo komai. Ƙafafun sauka ana cire su a kai garambawul duk bayan kusan shekara 10. Sai inji, wanda shi ne uban tafiya. A cikinsa akwai faya-fayai da sanduna masu ƙayyadadden wa'adi. A injin CFM56, wanda ke kan yawancin 737 da A320 da dama, wa'adin yana tsakanin zagaye 20,000 zuwa 30,000. Ranar da ya cika ana cire su, ko da suna ƙyalli, ba a sake ɗora su a kan kowane inji. Kai inji ɗaya babban gyara miliyoyin daloli ne, kuma biyu ne a jikin jirgin.

Waɗannan kuɗaɗe kan taru kusa da juna, wajen shekara ta 10 zuwa 12, su sake taruwa bayan shekara 20. Kamfani mai wayo yana kallon kalanda: in zuba wannan kuɗi a jirgin da zan ƙara shekara biyar da shi, ko in sayar kafin ranar, mai saye ya rage farashi ya ɗauki nauyin? A karon farko amsa kan iya zama kowace. A karo na biyu kusan kullum sayarwa ce, domin kuɗin gyaran kan haura darajar jirgin gaba ɗaya.

Sai mai. Yakan ci kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa, a kamfani mai arha ma ya haura haka, tunda ya riga ya datse sauran. A320neo da ya fara aiki a 2016, da 737 MAX da ya biyo baya a 2017, sun rage shan mai da kusan kashi 15 cikin ɗari a kan magabatansu. Ga jirgin da ke yin sa'a 11 ko 12 a sama kowace rana, wannan ragi kaɗai na biyan kaso mai tsoka na kuɗin sabon.

Akwai kuma lissafin kujeru, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A319 na kamfanin easyJet na Birtaniya kujera 156 gare shi, A320neo kuwa 186, A321neo 235. Matuƙa biyu ne a kowane. Doka ta ce ma'aikacin ciki ɗaya ga kowace kujera 50, don haka mai 156 da mai 186 duk ma'aikata huɗu suke buƙata. Ka ga kujera 30 sun ƙaru ba a ƙara albashin ko mutum ɗaya ba. Abin da ya sa kamfanin ke ta sallamar A319 ke nan, ba don sun gaza tashi ba. Haka Ryanair na ƙasar Ayilan: 737-800 nasa kujera 189, sabon da ya fara karɓa a 2021 kuwa 197.

Riƙe samfuri ɗaya ma ginshiƙi ne a wannan sana'a: horo ɗaya, rumbun kayan gyara ɗaya, kowane matuƙi ya iya kowane jirgi. Southwest ya ajiye ragowar 737-300 nasa a ƙarshen Satumba 2017, dab da fara aiki da MAX a watan Oktoba, kuma cikin dalilan akwai gudun raba matuƙansa gida biyu wajen horo. Ƙara da cewa tsohon jirgi ya fi yawan ƙananan matsaloli masu jawo jinkiri. A Tarayyar Turai, jinkirin sa'a uku da laifin kamfani kan jawo diyyar Yuro 250 ga kowane fasinja a gajeren zango, kuɗin da sau da yawa ya fi na tikitin kansa.

Amma fa ba duka ke bin wannan hanya ba. Allegiant na Amurka ya gina kansa ne a kan akasin haka: ya sayi tsofaffin jirage samfurin MD-80 da arha, yana tashi a ranakun da ake da fasinja, ranar da kasuwa ta yi sanyi ya ajiye su. Sabon jirgi mai bashi a kansa dole ya yini a sama kafin ya biya kansa, tsoho da aka gama biya kuwa zamansa a ƙasa ba ya ciwo sosai. Sai a Nuwamba 2018 ya sallami MD-80 na ƙarshe, kuma akasarin jiragen Airbus da suka maye gurbinsu ma na hannu ne. Ryanair shi kuma ya yi odar 737-800 guda 100 a Janairu 2002, watanni bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da babu mai son sayen jirgi. Wanda ya saya da rahusa irin wannan zai iya yin shekaru yana aiki da jirgi ya sayar ba tare da asara mai yawa ba. Kowanne da lissafinsa, kuma duka biyun sun ci riba.

Wani abin lura: kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, mallakar kamfanoni irin su AerCap da ke Dublin. Sau da yawa idan aka ce kamfani ya yi wa jirgi ritaya, wa'adin haya ne ya ƙare aka mayar wa mai shi. IndiGo na Indiya ya daɗe yana sayen sabo, ya sayar wa mai ba da haya, ya karɓe shi haya na kusan shekara shida, ya mayar kafin babban garambawul.

Wa ke saye, kuma me yake saye

Jirgi mai matsakaicin shekaru kan koma wani kamfanin fasinja da ba ya tashi da yawa a yini. Wasu ana mayar da su na dakon kaya: a fitar da kujeru, a ƙarfafa daɓe, a yanka babbar ƙofa a gefe. 737-800 na farko da Boeing ya juya haka an miƙa shi a 2018, A321 na farko kuma ya fara aiki da Qantas a Ostireliya a 2020. Kamfanin Coulson na Kanada ya sayi 737-300 guda shida daga Southwest a 2017 ya mayar da su na kashe gobarar daji. Sauran kuwa ana sayensu ne domin a wargaza.

A jirgin da ya haura shekara 20, injuna biyun nan su ne fiye da rabin darajarsa, wani lokaci kusan dukanta. Inji mai sauran zagaye ana cire shi a ba da haya ga kamfanin da nasa ke wurin gyara, har ya cinye abin da ya rage masa. Bayan shi a cire ƙaramin injin wutsiya, ƙafafu, na'urorin ɗakin matuƙa, birki, famfuna, kowanne a gwada shi a ba shi takardar shaida. Gangar da ta rage a yanka, alminiyam ya tafi narkarwa. Wani gwaji da Airbus ya jagoranta a Tarbes ta Faransa, da wani tsohon A300, ya nuna ana iya sake amfani da kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyin jirgi. Wanda bai samu mai saye nan take ba ana kai shi inda iska ta bushe don kada ya yi tsatsa: Victorville da Mojave a Kalifoniya, Marana a Arizona, Teruel a Sifaniya, Alice Springs a Ostireliya.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan ɓangare shi ne takardu, domin a nan na fi daɗewa. Mai sayen jirgi ba ƙarfe kaɗai yake saye ba, tarihi yake saye. Kowane faifai mai wa'adi a cikin inji dole a iya bin sawunsa tun daga ranar da ya fito daga masana'anta: a kan wane inji ya zauna, zagaye nawa ya yi a can, wa ya cire shi, wa ya sa hannu. Idan aka samu giɓi a wannan silsila, faifan ya zama tarkace ko da babu ko ƙwarzane a jikinsa. Na taɓa aiki a kan wani jirgi da ya yi makonni a rumfa, ba abin da ke damunsa, sai wani faci kusa da ƙofar kaya da aka yi shekaru da suka wuce ba a samu takardarsa ba. Masu karɓa suka ƙi sa hannu, kuma da gaskiyarsu. Sai da aka buɗe facin, aka auna kaurin fatar da ke ƙarƙashi, aka samu amincewar masu ƙira, sannan jirgin ya fita. Mutanen waje kan ɗauki wannan a matsayin tsanani. Ni ban taɓa ganinsa haka ba, domin facin da ba a san yadda aka yi shi ba, ba a san ranar da ya kamata a sake duba shi ba. A 2023 an gano wani ɗan kamfanin dillanci a Landan, AOG Technics, ya sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi. Kamfanoni a nahiyoyi daban-daban suka riƙa sauke injuna suna farautar waɗannan kaya, ba don wani ya karye ba, sai don ba a san asalinsu ba.

Damuwata ta gaskiya game da tsofaffin jirage ba a wurin mai sayarwa take ba, a wurin wasu masu saye take. Tsohon jirgi yana buƙatar dubawa fiye da sabo, wato ƙarin kuɗi, ƙarin ƙwararru, da hukuma mai ido. Kamfanin Delta na Amurka ya yi aiki da jirage samfurin MD-88 har zuwa Yuni 2020, da yawansu sun kai shekara 30, saboda yana da katafaren sashen gyara nasa. Jirgi irin wannan a hannun kamfani mai ƙarancin jari, a ƙarƙashin hukumar da ba ta da isassun masu sa ido, wani labari ne daban. Wasu ƙasashe sun sa iyakar shekaru ga jirgin da za a shigo da shi. Na fahimci dalilinsu, amma a ganina ma'auni ne mai kauri: zai hana jirgi mai tsaftataccen tarihi, ya bar wanda ya fi shi ƙuruciya amma an yi sakaci da shi.

Ko alamar durƙushewa ce?

Tana iya zama, tana iya ƙin zama, kuma akwai hanyar bambancewa. Ka duba me ke shigowa a madadin wanda ke fita. Kamfanin da ke sallamar mafi tsufa yana karɓar sababbi, hanyoyinsa ba su ragu ba, wannan sabunta garke yake yi. Wanda kuwa ke sayar da jirage masu sauran ƙuruciya, yana ɗage karɓar sababbi, yana soke hanyoyi, yana tura matuƙa hutun dole, to kuɗin hannu yake nema. Spirit na Amurka ya amince a Oktoba 2024 ya sayar wa GA Telesis, dillalin jirage da kayan gyaransu, jirage 23 samfurin A320 da A321 a kan kusan dala miliyan 519, a watan Nuwamba kuma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Lokaci ma yana da tasiri. An dakatar da 737 MAX a duniya a Maris 2019 bayan haɗuran Indonesiya da Habasha da suka ci rayuka 346, sai Nuwamba 2020 Amurka ta sake ba shi izini. A Yuli 2023 kamfanin ƙera injunan jirgi Pratt & Whitney ya sanar da matsala a garin ƙarfen da aka ƙera wasu sassan injin A320neo da shi, ɗaruruwan sababbin jirage suka zauna a ƙasa suna jiran dubawa. Ga jinkirin miƙa sababbi daga Boeing da Airbus. Sakamakon haka kamfanoni da yawa suka ɗage ritayar da suka tsara, farashin tsofaffin jirage da injunansu ya tashi. Wanda ya sayar a irin wannan kasuwa ba lallai matsi ne ya sa shi ba. Wataƙila ya ga farashin da ba zai sake gani ba.

Iyakar abin da zan iya yanke maka ke nan daga nesa. Ba ka ambaci sunan kamfanin ba, kuma ko ka ambata, ni mutumin rumfar gyara ne, ba mai binciken kuɗi ba. Farashin irin wannan ciniki ma akasari sirri ne tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Game da hawan jirgin da ake shirin sallama: doka ba ta san kalmar "ya kusa ritaya" ba. Duk dubawar da ke kansa tana nan har tashinsa na ƙarshe, kuma idan wa'adin wani sashe ya cika yau, ba zai tashi gobe ba sai an canza. Abin da kamfani kan daina kashe wa kuɗi shi ne kwalliya, shi ya sa za ka ga kujera ta tsufa, fenti ya koɗe, teburi yana rawa. Jirgin da ake shirin miƙawa kuwa yana cikin waɗanda aka fi sa wa ido, domin wakilan mai saye na nan da fitilu da siririyar kyamarar da ake zurawa cikin inji, kuma duk abin da suka gano daga farashi za a cire shi.

In kana son ka auna kamfanin da kanka, akwai bayanai a buɗe a intanet. Tarayyar Turai tana wallafa jerin kamfanonin da ta haramta wa shiga samaniyarta tun 2006, tana sabunta shi lokaci-lokaci. FAA tana raba hukumomin jiragen ƙasashe zuwa rukuni na 1 da na 2 gwargwadon cika ƙa'idojin ICAO, hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, kuma tana da rajistar kamfanonin da suka ci bincikenta na lafiyar aiki da ake kira IOSA, sai dai wasu kamfanoni masu arha ba 'yan ƙungiyar ba ne, binciken bai wajaba a kansu ba, don haka rashin ganin suna a can kaɗai bai isa hujja ba. Sai ka haɗa shi da matsayin hukumar ƙasar da kamfanin ya yi rajista.